Yadda na gina manhaja ɗaya da PHP, Django da Node.js

Domin in san hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyon gina shafukan intanet, na ɗauki ƙaramin aiki guda, wato manhajar rajistar littattafan aro mai fom da rumbun adana bayanai, na gina ta da PHP, na sake gina ta da Django, sannan da Node.js. Na lura cewa sauƙin koyo daban, sauƙin ɗora aiki a kan sabar (kwamfutar da ke miƙa shafi ga masu ziyara) daban, kuma ba lallai ne su haɗu a wuri ɗaya ba.

PHP, yaren rubuta shirin kwamfuta da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, shi ne ya fi saurin kai ni ga shafi mai aiki. Yawancin kamfanonin da ke ba da hayar sabar sun riga sun girka shi tare da Apache (manhajar miƙa shafuka) da MySQL (rumbun adana bayanai), don haka da na kwafe fayilolina zuwa foldar da aka ware, nan take shafin ya buɗe. Dalilin shi ne sabar ce ke tayar da shirin a duk lokacin da mai ziyara ya nemi shafi, kuma da zarar ya ba da amsa aikinsa ya ƙare, babu wani abu da za a yi gadinsa. Sai dai wannan sauƙin yana barin mai koyo shi kaɗai wajen tsaro, domin babu abin da zai hana shi cusa rubutun mai ziyara kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa rumbun bayanai, abin da ke buɗe wa masu kutse ƙofa, sai idan ya koyi raba rubutun da umarnin, kamar yadda ake yi da PDO, kayan aikin PHP na magana da rumbun bayanai.

Django, tarin kayan aikin gina shafuka da aka gina a kan yaren Python aka kuma fitar a 2005, ya fi koyar da ni tsari. Ya zo da shafin gudanarwa a shirye, da kariya ga fom, da hanyar sauya fasalin rumbun bayanai ba tare da rubuta SQL da hannu ba, kuma jagororinsa a rubuce suke dalla-dalla. Wahalar ta bayyana ne ranar ɗorawa. Sabar gwajin da ke zuwa da shi ba a yi ta don jama'a ba, saboda haka sai da na girka Gunicorn don ya riƙa gudanar da shirin, na sa Nginx a gabansa don karɓar masu ziyara, na kashe DEBUG (yanayin gwaji), na cika ALLOWED_HOSTS (jerin adireshin da aka amince wa shafin), sannan na tattara hotuna da fayilolin ado da umarnin collectstatic, domin in ba haka ba shafin zai fito tsirara. Mafi yawan wannan aikin ba rubuta shiri da Python ba ne. Ilimin sarrafa Linux ne, wato babbar manhajar da sabar ke gudana a kai.

Node.js, na 2009, yana da fa'idar yare ɗaya, JavaScript, a burauza da sabar, amma shirinsa dole ya zauna a kunne, shi ya sa na haɗa shi da PM2 don ya tayar da shi idan ya faɗi. Yawan zaɓin da ke cikin npm, rumbun kayan aikin Node.js, kuma yana rikita sabon shiga.

Wanda ke son ganin aikinsa a intanet cikin gaggawa, ina ba shi shawarar PHP, daga baya ya wuce Laravel, tarin kayan aikin da aka gina a kan PHP. Wanda kuma zai iya ware lokacin koyon Linux, Django nake nuna masa, da sharaɗin ya gwada ɗora shafi ko da fanko ne tun a makon farko.