Wai mata sun yi yawa a Zariya

A ƙauyenmu da ke jihar Tawa ta Nijar, da an gama girbin hatsi samari ke watsewa, wasu Abijan, wasu Libiya ta Agadas, wasu Najeriya. In ka shiga gari da rani, daga tsofaffi sai mata da yara. Saurayin da ya dawo gabanin damina da ɗan abin hannunsa ba ya shan tambaya. A san asalinsa, a ga yana salla, a ji yana aiko wa uwarsa wani abu, magana ta ƙare.

Da wannan lissafin na tsallako ta Ƙonni da Illela na sauka wajen kawuna a Sabon Garin Zariya, inda yake da shagon tireda. Sabawa da naira da zafin cinikin kasuwa ba su ba ni wuya ba. Abin da ya ɗaure mini kai hirar teburin mai shayi ce, domin kullum dare sai wani ya ce mata sun yi yawa, har a kawo auren zawarawa da Hisbar Kano ta fara a 2012 a matsayin hujja. Na ce a raina ashe faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ƙidayar Najeriya ta 2006 ba haka ta nuna ba: maza miliyan 71 da ɗoriya, mata miliyan 69. Ko a haihuwa, duniya baki ɗaya, ana samun maza kusan 105 a kan mata 100. Yawan da ake gani daga wani wuri yake fitowa. Yarinya tana shiga sahun aure da shekara 18 ko 20, namiji kuwa sai ya haura 30 yana haɗa lefe. Tun da jama'a ƙaruwa take yi, 'yan shekara 20 sun fi 'yan 30 yawa nesa ba kusa ba. Ga saki yana maido da zawarawa cikin sahun. Maza suna nan tuli, masu albashi da muhalli ne suka yi ƙaranci, su kuma suke zaɓe. Ka ji mutum yana jero sharaɗi, fara, doguwa, mai digiri, shi kuwa ko sumar kirki babu a kansa.

Na gane wa idona a wani lungu na Tudun Wada, inda nake zuwa zance wajen wata ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Kongo. Gwaggonta ta aiko aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa muka gaisa.

"Ɗan nan, aikin me kake yi?"

"Ina shagon kawuna, Gwaggo."

"To, madalla. A nan za ka ajiye ta ko can Nijar ɗin?"

Kafin in haɗa amsa, wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Magidanci ne mai mata ɗaya, ma'aikaci a Samaru. Bayan sallar layya aka ɗaura musu aure. Ban ga laifin yarinyar ba, ta ga yayyenta biyu zaune a gida da takardun makaranta, ga ƙanne na tasowa.

Mu 'yan ci-rani kuwa namu lissafin a juye yake, ɗaki guda maza shida, ba mace ko ɗaya daga gida. Shi ya sa mafi yawanmu ke tara kuɗi su koma ƙauye su yi aure. Kawu ya ce mini, "Kai yaro, can ma sun waye. Bara da na je, duk yarinyar da aka yi wa maganar aure sai ta tambaya ko ɗan Libiya ne, ko yana da babur."