Kyanwa mai ciwon suga: abin da nake faɗa wa masu zuwa shagona

Shagona na magungunan dabbobi ne a Birnin Kebbi, kuma abin da ke riƙe da shi ba ɓoyayye ba ne: maganin tsutsar ciki na shanu da tumaki, maganin kaska, bitamin na kaji, sai alluran rigakafi irin su Lasota da Gumboro da ake sarrafawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Filato. Don waɗannan rigakafin na haɗa firij mai aiki da sola. Kyanwa ba ta cikin lissafina da na buɗe shago, amma 'yan shekarun nan masu kiwonta don sha'awa sun ƙaru, wasu har da farare masu dogon gashi da ake sayowa da tsada. Idan ɗaya ta kamu da ciwon suga, likita ya rubuta insulin, allurar da ke sauke suga, wurinmu ake ƙarewa, domin mu ne masu sanyi da sirinji.

Ni ba likita ba ne, mai sayarwa ne. Akwai likitan dabbobi da muke aiki tare, shi ke aunawa ya yanke yawan maganin, abin da ya gagara kuma a tura asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Sai dai likita minti kaɗan yake yi da kyanwa. Sauran aikin, allura safe da yamma, ran Sallah da ran biki, a gida ake yin sa, kuma tambayoyin gida a kan teburina suke sauka.

Yawanci mai ciwon muzuru ne, wanda aka dandaƙe, ya kwana biyu a duniya, ya yi ƙiba. Mai shi zai ce yana shan ruwa kamar me, fitsari ba ya ƙarewa, yana ci amma yana zubewa. Wata Hajiya cewa ta yi ita kiyashi ne ya fara ba ta tsoro, kullum sai ta ga sun yi dandazo a inda magen ya tsuguna. Wanda ciwon ya daɗe a jikinsa za ka ga ya daina taka yatsu da ƙafafun baya, yana shimfiɗa su har gaɓa, saboda suga ya taɓa jijiyoyi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne wani lokaci mu masu sayar da magani ne sila. Kyanwa ta yi ƙaiƙayi, a yi ta dirka mata dexamethasone ba ƙa'ida, alhali an san irin waɗannan magunguna na iya tayar da ciwon suga. Na hana yarana ba da shi ba takardar likita, ko da mai saye zai yi fushi ya tafi maƙwabta. Paracetamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, wannan ko ba ciwon suga a kiyaye.

Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da ciwon. Kyanwa dabba ce mai tsoro, a ɗauko ta a kwali a kan babur cikin rana, suganta na iya haurawa kusan 300 don firgici kawai, alhali na mai lafiya bai cika wuce 120 ba a ma'aunin mg/dL da mitocinmu na gwajin suga ke nunawa. Shi ya sa likita ke haɗawa da gwajin fitsari da labarin gida, inda hali ya yi kuma a auna fructosamine, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a makonnin baya.

Inda na fi daɗewa da mai kyanwa shi ne kan sirinji. Insulin ƙarfi biyu ne a wannan harkar. Wanda aka yi don dabbobi, kamar Caninsulin da ProZinc, yunit 40 ne a cikin mililita ɗaya, ana rubuta masa U-40. Na mutane, kamar Lantus, yunit 100 ne a mililita, wato U-100. Kowanne da sirinjinsa. Na dabbobi wuyar samu gare shi a nan, don haka likitoci sun fi rubuta Lantus, wanda dama yana aiki sosai a jikin kyanwa. To ka ɗauki Lantus ka ja shi a sirinjin U-40 zuwa layi na 2, kana zaton yunit 2 ka ja, alhali yunit 5 ne. Ninki biyu da rabi ke nan, a jikin dabbar da ba ta fi kilo 4 ba. Ka juya lissafin, ka ja na U-40 a sirinjin U-100, sai ka ba da ƙasa da rabin abin da aka rubuta, a yi ta cewa magani ba ya ci. Galibi murfin U-40 ja ne, na U-100 ruwan lemo, amma ina cewa a bar launi a karanta rubutun. Ba na barin mutum ya fita sai ya ja ruwa a sirinji a gabana, ya ɗaga shi daidai ido, ya ƙyasta jikinsa da farce kumfar iska ta hau sama, ya nuna mini layin da yatsa. Yunit 1 a sirinjin U-100 ɗigo ne ƙarami, kumfa ɗaya sai ta cinye rabinsa. Dattijon da idonsa ya yi rauni nakan ce, “Alhaji, a bar wa yaro wannan aikin, kai ka riƙe magen.”

Kaɗan ake farawa, yawanci yunit 1 ko 2 duk awa 12, gwargwadon nauyi. Ba a ƙarawa don an ga lamba ta yi sama yau, sai an ba jiki kusan mako, likita ya duba littafin da ake rubuta allura a gida. Wani Malam mai ciwon suga ya taɓa tambayata ko zai iya tsakura wa magensa daga nasa Mixtard ɗin, tunda duk insulin ne. Na ce, “Malam, Allah ya ƙara lafiya, naka naka ne.” Akwai mai saurin aiki a cikin haɗin, yana iya faɗar da sugan kyanwa farat ɗaya, sauran kuma ba ya daɗewa a jikinta. Alaƙar insulin da dabbobi tsohuwa ce, a kan karnuka Banting da Best suka gwada shi a Toronto a 1921, amma wannan bai sa kowane iri ya dace da kowace dabba ba.

Awa 12 ɗin nan da salla nake ɗaure ta. Bakwai na safe, sai bayan Magariba, wadda a nan duk shekara ba ta nisa da bakwai. A fara ajiye abinci, a ga ta ci, sannan a tsunkuli fatar gefen haƙarƙari ko bayan kafaɗa a ɗaga, a soka a ƙarƙashin fata, ana canza wuri. Allurar siririya ce, da yawa ba sa ko ɗago kai daga kwano. Idan ta motsa, ka ji gashi ya jiƙe, ba ka san nawa ya shiga ba, kada ka sake. A jira lokaci na gaba. Rashin allura ɗaya ba ya kashe kyanwa, allura biyu a jere na iya kashewa kafin La'asar. A gidan yawa nan ne hatsarin yake: uwar gida ta yi kafin ta fita aiki, ɗiya ta tashi ba ta sani ba ta ƙara. Mutum ɗaya ke riƙe sirinji, littafi ɗaya a rataye kusa da firij, wanda ya yi ya rubuta lokaci da yunit. Da azumi ma kada a mayar da ita sahur, kyanwa ba ta azumi.

Zuma ba ta rabuwa da gidan da ake wannan allura. Idan aka ga kyanwa ta yi laushi, tana tangaɗi, idanu sun buɗe, tana karkarwa ko ta fara farfaɗiya, suga ne ya faɗi. A lakato zuma da yatsa a shafa a dasashi, ba a ɗura mata ruwa a baki don kada ta shaƙe. Da ta farfaɗo a ba ta abinci, a dakatar da allura, a kira likita. Ranar da ta ƙi ci ko tana amai, wannan ma waya ce kafin allura, domin yana iya zama sugan ne ya yi yawa har ya gurɓata jini, wanda sai an kwantar an sa ruwa.

Sai zafi. Wanda ya san Maris da Afrilu a Kebbi ya san digiri 40 ba labari ba ne, insulin kuwa tsakanin digiri 2 zuwa 8 yake so, kuma daskarewa na lalata shi kamar yadda rana ke yi. Kada a jingina shi da ƙanƙara a cikin kular sanyi, a naɗe shi a tsumma tukuna. Masu Lantus sun rubuta cewa wanda aka buɗe kwana 28 yake yi, a wurin da bai kai digiri 30 ba. Saboda haka nake ba da shawarar sayen mai siffar biro mai yunit 300 maimakon kwalba mai 1,000: magen da ke karɓar yunit 2 sau biyu a rana yunit 112 kawai zai sha a kwanakin nan, saura asara ce. Wanda gidansa wuta ba ta tsayawa, dabarar tukunya cikin tukunya tana rage zafi, yashi a tsakani ana jiƙa shi, a rufe da ɗanyen tsumma a inuwa mai iska. Ita ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Da rani ta fi aiki, da damina iska ta jiƙe sai aikinta ya ragu, kuma ko da rani ba ta kai firij ba. Biron da ba a buɗe ba ina ajiye wa mutane a nawa, da suna a jiki, ba na karɓar ko sisi. Riba a wannan ɓangaren ba ta taka kara ta karya ba, ɗan abin da ake samu a sirinji da tsinken gwaji ne, amma mai magen nan gobe shi zai dawo sayen maganin ragon layya. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, idan ya yi gajimare ko ɗan gari ya kwanta a ciki a jefar.

Gwaji a gida ba wuya. A murza kunne ya yi ɗumi, a tsira gefensa, ɗigo ɗaya ya isa. Mitar mutane ta kemis tana yi, sai dai takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin na kyanwa, don haka a tsaya kan mita ɗaya kuma likita ya san wacce ce. Lokaci-lokaci zai ce a ware yini a auna duk bayan awa 2 zuwa 4, don a ga inda sugan ya fi sauka. Da wannan lambar ta ƙasa ake yanke hukuncin ƙari ko ragi.

Abinci ne ya fi ba mu gardama. Muna ƙasar shinkafa, mage kuma ragowar tuwo da miya ake zuba masa, shi kuwa halittarsa ta cin nama ce. Dafaffen kifi, kaza, ƙwai, naman da ba kitse, waɗannan su ne nasa, kuma kifin Yawuri da Argungu bai yanke a kasuwa ba. Kifi zalla dai ba ya wadatarwa, a gauraya yadda likita ya tsara. Busasshen abincin leda da ake alfahari da shi yawanci sitaci ya yi masa yawa, na gwangwani ya fi. Miya kam a janye ta gaba ɗaya, albasar Aliero da ke ƙara mana daɗin girki tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, tafarnuwa ma haka.

Canjin abinci da kansa yana sauke suga, saboda haka ba a yin sa a ɓoye wa likita. Kuma kyanwa ta bambanta da kare a nan: idan an kama ciwon da wuri, aka gyara ci, ƙiba ta ragu, wasu sukan kai inda ba sa buƙatar insulin na watanni ko shekaru. Abin farin ciki ne, amma lokacin ne aka fi yin asara, domin yunit 2 da ya yi daidai watan jiya yanzu ya yi yawa. Idan shan ruwa ya koma daidai, mita na nuna lamba irin ta mai lafiya tun kafin allura, a ajiye sirinji a kira likita a karanta masa littafin. Ko ya ce a daina, tuwo ba ya komawa kwanon, kuma a ci gaba da tsira kunnen jefi-jefi, don ciwon yakan dawo.