Dalilin da Ya Sa Na Sayar da Babbar A-kori-kurata Na Koma Ƙarama

Fiye da shekara guda ke nan da na miƙa makullin babbar a-kori-kurata ga wanda ya saye ta, amma har yau idan na je ɗaurin aure ko na zauna a majalisa bayan sallar La'asar a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ba na rasa mai jawo ni gefe ya tambaye ni ko karayar arziki ce ta same ni. Wasu suna tambaya ne da tausayi na gaskiya, kuma ina gode musu. Amsar da mutum yake bayarwa a tsaye ba ta wuce "alhamdu lillahi, lafiya lau", shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, musamman saboda 'yan'uwana 'yan kasuwa waɗanda suke da niyyar sayen irin wannan mota.

Sana'ata cinikin hatsi ce: masara, dawa, gyaɗa, da albasa idan lokacinta ya yi. Kaya masu yawa manyan motocin haya ne suke ɗauka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare ko zuwa Kusiri, inda ake haye gadar Ngeli a shiga Njamena. Motata ta kaina aikinta shi ne ta kai ni kasuwa tare da yaran shago, da sikeli, da ƙullin buhunan da ba komai a cikinsu, sannan ta dawo da 'yan buhunan da ba su isa a ɗauko musu babbar mota ba. Ranar Lahadi ina Pitowa, wasu ranakun ina Ngong ko ƙauyukan da ke wajen Lagdo, kuma da wuya wata ya ƙare ban je Marwa sau biyu ba.

Motar da na sayar tana cikin jinsin manyan a-kori-kura na Amurka, wato dangin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Toyota Tundra, kuma ta hannu ce da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa ya haura lita 5, fetur take sha, tsawonta ya kusa mita 6, faɗinta kuma mita 2 ne cif. Ba zan ɓoye ba, abu biyu ne suka ja ni gare ta. Na farko jin daɗin zama, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura maki 40, mutum yana ciki kamar yana cikin ɗaki mai sanyi, kuma ramin hanya ba ya isa ga ƙugunsa. Na biyu shi ne kwarjini. Ɗan kasuwa yana cin abinci da amanar da mutane suke gani a tare da shi, kuma na yi zaton cewa manomin da ya ga irin wannan mota zai fi sakin jiki ya ba ni kayansa in biya daga baya. Motar kanta ba ta taɓa yi mini laifi ba, ta yi duk abin da aka ƙera ta domin ta yi. Ni ne ban tsaya na tambayi wane aiki aka ƙera ta dominsa ba, kuma a wace ƙasa.

Mai ne ya fara buɗe mini ido. Duk wanda ya zauna a arewacin Kamaru ya san cewa shekara da shekaru ba da man gidan mai muke tafiya ba, da zuwa-zuwa muke tafiya, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. Muddin gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi, arahar tana tsallako iyaka ta same mu, saboda haka injin da yake shan mai kamar raƙumi bai dame ni ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin a jawabinsa na kama mulki, kuma kafin mako ya zagayo kwalbar da muka saba saye ta tashi. A ɓangarenmu ma, a watan Fabrairun wannan shekarar farashin hukuma na litar fetur ya riga ya tashi daga sefa 630 zuwa 730, sannan a Fabrairun 2024 ya koma 840, gazuwal kuma, wato man dizal, ya koma 828. Ƙofa biyu aka rufe mana kusan lokaci guda.

Ina da ɗan littafin da nake rubuta kuɗin da na kashe, kuma shi ne ya hana ni yaudarar kaina. Daga Garwa zuwa Marwa da dawowa tafiya ce ta wajen kilomita 420. Da kaya a baya da na'urar sanyi a kunne, babbar motar tana shan kimanin lita 18 a kowane kilomita 100, wato lita 75 a tafiya guda, wanda ya kama sefa 63,000 kafin a yi maganar sefa 500 ta kowane shingen biyan kuɗin hanya. Akwai ranakun da ribar buhunan da na ɗauko ba ta kai kuɗin man da ya ɗauko su ba. Ga kuma harajin mota na shekara, wanda ake karɓa tare da inshora, shi ma da ƙarfin inji yake tafiya, saboda haka duk inda na juya girman nan yana da kuɗinsa.

Duk da haka na daure, domin ina gaya wa kaina cewa babbar mota ai babban kaya take ɗauka. A nan ne na fi yin kuskure, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya da ni. Wata rana bakanikena, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ga yadda bayan motar ya durƙusa da buhu takwas na masara, sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Nauyin da aka yarda motar ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce kilo 700 da 'yan kai ba. Idan ni da yara uku muka shiga, abin da ya rage bai fi buhu huɗu ko biyar masu kilo 100 ba. Ya ce mini, "Alhaji, wannan doki ne na jan amalanke, ba jakin kaya ba ne." Gaskiya ya faɗa. A Amurka wasu suna sayen irin waɗannan motoci ne domin su ja tirela a baya, ko ƙaramin jirgin ruwa, ko ɗakin kwana mai taya, kuma da yawansu suna iya jan tan huɗu ko fiye. An sassauta musu sifirin na baya domin mai tuƙi ya ji daɗi a kan kwalta mai santsi. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ɗaura wa mota tirela ba. Shekara uku ina biyan kuɗin ƙarfin da ban taɓa amfani da shi ba, alhali ƙarfin da nake bukata kullum, wato na ɗora buhu a bodi, shi ne ba ta da shi sosai.

Abin da ya yanke hukunci ya faru ne da damina, tsakanin Figil da mararrabar Gidar. Wata babbar mota da ke gabanmu ta cillo tsakuwa ta tsaga gilashin gaba, kuma ina ƙoƙarin kaucewa sai na faɗa rami, tayar gaba ta fashe ta gefe, inda faci ba ya kamawa. Mun sa safaya mun lallaɓa zuwa gida. Taya mai inci 20 irin tata na zagaye Garwa ban samu sabuwa ba, sai wata tsohuwa da ban yarda in ɗora iyalina a kanta ba. Gilashin kuwa sai da aka yi odarsa daga Duwala, motar ta yi kwana ashirin da uku a ajiye a lokacin da ya kamata ina zagaya ƙauyuka ina ƙulla cinikin kaka. A cikin kwanakin nan na yi ta hayar wata tsohuwar Toyota Hilux ta maƙwabcina, kuma a cikinta ne, ina jijjiga a hanyar Lagdo da buhu tara a baya, na gane cewa aikina bai tsaya ba ko na yini ɗaya.

Sayarwa ta fi saye wuya. Dillalai sun zo sun duba, kowa ya yaba, amma da an zo maganar kuɗi sai su ce, "Alhaji, mai wuyar sha'ani ce, wa zai iya ciyar da ita?" Wata biyu tana ƙofar gida kafin wani ɗan kwangila daga kudu ya saya, a kan kuɗin da bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na biya ba. Ƙaramar da na saya kuwa, wato Hilux, duk da ta girme ta da shekara biyu, sai da na yi ciko. Wanda yake tunanin cewa komawa ƙarama zai bar masa canji a aljihu ya cire wannan daga ransa. A kasuwarmu mota tana riƙe darajarta ne gwargwadon yawan masu nemanta, kuma masu neman Hilux ba sa ƙarewa.

Wannan farin jini yana da asali. Dattawanmu da suke fatauci zuwa Njamena suna tuna shekarar 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan a-kori-kura ƙirar Toyota, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. Tun daga wancan zamani ofisoshin gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da masu harkar auduga suke ta sayen irinta, kuma kowace ta tsufa sai ta shigo hannun 'yan kasuwa. Amfanin haka gare ni shi ne babu garin da ke kan babbar hanya, daga Ngaundare har Kusiri, da zan rasa bakaniken da ya san cikinta, ko shagon da zan sami birki da matatar mai da taya mai inci 16. Na zaɓi mai ƙofa huɗu, mai giyar hannu, mai ja da ƙafa huɗu, mai injin gazuwal na lita 3 wanda ba shi da na'urar ƙara ƙarfi da ake kira turbo. Dattijon bakanikena ne ya dage a kan wannan inji, ya ce sababbin injuna masu yawan na'ura ba sa yafe gurɓataccen mai, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Na ce, "Baba, na bi shawararka," kuma ban yi nadama ba. Yanzu tafiyar Marwa da dawowa tana cin kimanin lita 40, wato wajen sefa 33,000, kuma nauyin da takardarta ta yarda ta ɗauka ya kusa tan guda.

Akwai abin da na rasa, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Idan babu kaya a baya tana tsalle a kan gargada har haƙoran mutum su haɗu. Hawan dutsen nan na kafin Ngaundare, wanda babbar take haurawa ba tare da na ji sautin injinta ya canza ba, yanzu sai na sauko giya ta biyu na bi bayan manyan motoci da haƙuri, domin ba ni da ƙarfin da zan wuce su a ɗan taƙin da hanya ta miƙe. Kujerar baya ta matse, kuma mahaifiyata, wadda gwiwa take damunta, ta gaya mini a fili cewa ta fi son waccan. Wannan magana ta fi duk sauran tsaya mini a rai, don haka idan za mu kai ta asibiti gaba take zama, mu sa mata matashi. Sannan farin jinin nan yana da nasa haɗari, domin motar da kowa yake so ɓarawo ma yana sonta, saboda haka ban ƙara barinta ta kwana a waje ba, kuma ba na yin tafiyar dare a hanyoyin da aka san masu tare hanya suna fitowa.

Game da kwarjinin da na ji tsoron rasawa, na sa ido sosai a kakar da ta wuce. Ko manomi ɗaya bai hana ni kaya saboda motata ta ƙanƙance ba. Abin da suke tambaya shi ne ranar biya, kuma tun da kuɗin da a da yake tafiya a tanki ya koma cikin jari, na fi iya cika alkawari a kan lokaci. Har ma akwai ƙauyukan da a da nake tsayawa a bakin kwalta in aika yara da babur, saboda hanyar shanu ce mai ƙunci ga mota mai faɗin mita 2, ga ƙaya tana kartar fenti, ga tsoron kada nauyinta ya nutsar da ita a yashin mayo, wato rafi. Yanzu har bakin rumbu nake shiga, in sauka in gaisa da mai gida, in ga hatsin da idona kafin a auna.

A gida ma uwargida ta lura da abin da ni ban kula ba. Lungunmu na Yalwa ba ya ɗaukar babbar motar, shekara uku a bakin titi nake ajiye ta ina biyan mai gadi, kayan cefane kuma yara suke ɗauka a ka zuwa ciki. Ranar da na shigo da ƙaramar har cikin zaure na rufe ƙofa, sai ta ce, "Alhaji, yau dai mota ta zama ta gidan nan." Jibi Lahadi ne, kuma albasa ta fara shigowa Pitowa. Na riga na sa an wanke matatar iska saboda ƙurar hunturu, an duba iskar tayoyi, buhuna da sikeli suna ɗaure a baya, kuma da an idar da sallar Asuba za mu kama hanya.