Ga mai son wasan 'yar tsana a talabijin

Ƙannena, wasan 'yar tsana ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tunda muna da 'yan dabo. Sai dai na dandali daban, na gaban kyamara daban. Abubuwan nan da zan faɗa, duk sai da muka tafka kuskure a kansu kafin muka gane.

Babban kuskure shi ne kallon hannunka. A ɗakin ɗauka ana ajiye ƙaramar talabijin a ƙasa, tana nuna abin da kyamara ke gani, kuma ita kaɗai za ka zuba wa ido. Ba madubi ba ce: in ka karkata dama, a allo hagu za ka ga 'yar tsanar ta yi. Wanda ya saba da madubi sai ya sake koyo daga farko. Haɗa kyamarar waya da talabijin a gida, ka yi atisaye na minti 15 kullum. Caroll Spinney, wanda ya yi wasan Big Bird, ƙaton tsuntsun shirin yara na Amurka Sesame Street, daga 1969 zuwa 2018, in ya shiga rigar tsuntsun da ƙaramin allo ɗaure a ƙirjinsa yake ganin inda ya dosa.

Sai baki. Yatsu huɗu a sama, babban yatsa a muƙamuƙin ƙasa, kuma shi ne mai motsi. In ka riƙa ɗaga yatsun sama, kai zai yi ta tsalle, idanu su koma kallon silin, yaron da ke kallo kuwa ya daina yarda da shi ake magana. Buɗa baki sau ɗaya a kowace gaɓa: "sannu" sau biyu, "makaranta" sau huɗu. Sabon shiga yakan rufe a inda ya kamata ya buɗe, sai ka ga kamar 'yar tsanar na cizon kalmomi. Lanƙwasa wuyan hannu ƙasa kaɗan don ido ya sauka daidai kan kyamara. Ko ba ita ke magana ba, kada ta sandare. Ta juya ga mai magana, ta gyaɗa kai.

Hannu yana gajiya. Bayan 'yan mintuna zai fara sauka ba ka sani ba, 'yar tsana ta nutse, ko kanka ya leƙo cikin hoto. Miƙe shi sosai kusa da kunne, ka nemi a yanka ɗauka gajere-gajere.

Wajen haɗawa, kada ka yi cikin baki da kwali, gumi zai jiƙa shi ya lanƙwashe. Yanko roba mai ɗan tauri. Soso ya zama marar nauyi, a bar gam ya sha iska kafin a manna. Baƙin ido kuma a matso da shi ciki kaɗan wajen hanci, in ba haka ba kallonta zai zama na wanda ba ya ganin kowa. Tsadar kaya ba ta da muhimmanci: da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa da ƙwallon tebur Jim Henson, mai wasan 'yar tsana na Amurka, ya haɗa shahararriyar 'yar tsanarsa Kermit a 1955.

Murya kuwa, zaɓi wadda za ka iya riƙewa yini guda. Mai ƙarzar maƙogwaro tana ba da dariya a gwaji, kafin azahar ta dishe. In 'yar tsana ta yi tambaya, ƙirga uku a zuci kafin ta ci gaba, domin yaron da ke gida yana ba ta amsa da babbar murya.