Ƙauyuka 12 da Suka Ce A'a: Abin da Na Fahimta Game da Mulkin Ƙauye a Indiya

Yawancinmu da muka taso muna kallon fina-finan Indiya mun saba da wani zama da ake yawan nunawa, inda dattawa za su jeru a gindin wata babbar bishiya, mutanen gari sun kewaye su, ana sauraron rikicin gona ko na aure. Na daɗe ina ɗaukar wannan zama a matsayin al'ada kawai, kamar wanda ake yi a ƙofar gidan dagaci, har sai da na dukufa karanta tarihin mulkin karkara a ƙasar, na gane cewa kalmar da suke kiran zaman da ita, wato panchayat, yau tana rubuce a cikin kundin tsarin mulkinsu. Asalin kalmar daga "panch" ne, wato biyar, saboda a da dattawa biyar ke zama. A yanzu kuwa panchayat hukuma ce da ake zaɓa da ƙuri'a, tana da wa'adi, tana da kasafin kuɗi, kuma shugabanta, wanda a jihohi da yawa ake kira sarpanch ko pradhan, ba ya gadon kujerar daga uba ko kaka. Akwai irin waɗannan majalisu fiye da 250,000, da zaɓaɓɓun wakilai sama da miliyan 3. Wannan tsari ne ya ba wasu ƙauyuka 12 a jihar Odisha damar cewa a'a ga haƙar ma'adinai a tsauninsu, labarin da zan kawo a ƙarshe.

Tun kafin a rubuta kundin tsarin mulkin aka yi saɓani a kan ƙauye, kuma a ganina wanda bai san wannan saɓani ba ba zai fahimci sauran labarin ba. Mahatma Gandhi yana ganin cewa ran Indiya a ƙauye yake, burinsa shi ne kowane ƙauye ya zama ƙaramar jamhuriya mai ciyar da kanta da tafiyar da al'amuranta, abin da ya kira gram swaraj. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta kundin, ya fito ne daga cikin Dalit, mutanen da tsarin bambancin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, saboda haka ƙauyen da ya sani dabam ne da wanda Gandhi yake yabo. A watan Nuwamba na 1948 ya tsaya gaban majalisar tsara kundin ya bayyana ƙauye a matsayin matattarar jahilci da ƙuntataccen tunani da ƙabilanci. Magana ce mai zafi, amma wanda aka hana shi ɗiban ruwa a rijiyar garinsu yana da hujjar tsoron a miƙa wa manyan garin ƙarin iko. Daga ƙarshe aka yi sulhu mai rauni: sashe na 40 ya bukaci jihohi su kafa majalisun ƙauye, amma an sa shi cikin manufofin da kotu ba ta tilasta wa kowa bi.

Abin da ya biyo baya shekaru ne na tashi da faɗuwa. Kwamitin Balwant Rai Mehta ya ba da shawarar tsari mai hawa uku a 1957, Firaminista Jawaharlal Nehru ya ƙaddamar da shi a Nagaur da ke jihar Rajasthan ranar 2 ga Oktoba, 1959, sannan gwamnatocin jihohi da dama suka riƙa rusa majalisun ko su ƙi gudanar da zaɓe na tsawon shekaru duk lokacin da suka ga dama. Firaminista Rajiv Gandhi ya yi yunƙurin gyara a 1989, majalisar dattawa ta kayar da ƙudurin. Sai a zamanin Firaminista P. V. Narasimha Rao aka zartar da gyara na 73 ga kundin tsarin mulkin a watan Disamba na 1992, ya fara aiki ranar 24 ga Afrilu, 1993.

Gyaran ya wajabta zaɓe duk bayan shekara 5 a matakin ƙauye da na tsakiya da na gunduma, ya lissafa fannoni 29 da jihohi za su iya miƙa wa majalisun, daga noma da ruwan sha zuwa hanyoyi da makarantun firamare. Amma wurin da ya amsa wa Ambedkar shi ne batun ware kujeru. An ware wa Dalit da ƙabilun asali kujeru daidai da yawansu a yankin, an ware wa mata aƙalla kashi 1 cikin 3, kuma hakan ya haɗa da kujerun shugabanci. Jihar Bihar ta ɗaga kason mata zuwa rabi a 2006, jihohi da yawa suka bi sahunta.

Rubuta doka a Delhi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da zama a kan kujerar a ƙauye. A Melavalavu da ke gundumar Madurai a jihar Tamil Nadu, an ware kujerar shugaba ga Dalit a 1996, wani mutum mai suna Murugesan ya tsaya duk da barazanar da aka yi masa, ya kuma ci zaɓe. Ranar 30 ga Yuni, 1997, aka tare motar bas ɗin da yake ciki yana komawa gida daga Madurai, aka kashe shi da abokan tafiyarsa biyar. Daga baya kotu ta yanke wa mutum 17 ɗaurin rai da rai. A ƙauyukan Pappapatti da Keeripatti, su ma a wannan gunduma, an shafe kusan shekara 10 ba a samu shugaba Dalit da aka bari ya yi aiki ba, domin ko dai a hana kowa tsayawa, ko kuma wanda aka tsayar ya yi murabus da zarar an rantsar da shi. Duk lokacin da na tuna da Murugesan nakan ji nauyi a zuciyata, saboda kujerar da ya mutu a kanta ba ta wuce ta gyaran magudanar ruwa da fitilun titi ba, amma masu ƙarfi a garin sun fahimci abin da zamansa a kanta yake nufi.

Mata ma sun gamu da nasu cikas, har Indiyawa suka ƙirƙiro suna domin abin: sarpanch pati, wato mijin shugaba, mutumin da matarsa ce ta ci zaɓe amma shi ke zama a ofis, shi ke riƙe hatimi, ita kuma a kai mata takarda gida ta sa hannu. Wannan gaskiya ne, kuma har yanzu ana kuka da shi. Sai dai ban yarda da masu kafa hujja da shi suna cewa ware kujerun aikin banza ne ba. Masana tattalin arziki biyu, Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo, sun yi bincike a gundumar Birbhum ta Bengal ta Yamma da Udaipur ta Rajasthan, suka wallafa a 2004, inda suka gano cewa majalisun da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha, wanda shi ne abin da matan yankunan suka fi kai ƙorafi a kansa. Wadda ta san nisan rijiya da nauyin tulu ba ta bukatar a yi mata bayanin abin da ya kamata a fara yi.

Babban rauni a wurina shi ne kuɗi. Kundin ya bar wa kowace jiha ta yanke irin ikon da za ta saki, kuma yawancinsu sun riƙe ma'aikata da kuɗi a hannunsu. Abin da majalisun suke tarawa na haraji da kansu ɗan kaɗan ne ƙwarai, kusan duk abin da suke kashewa tallafi ne daga gwamnatin tarayya da ta jiha, wanda sau da yawa yakan zo da sharaɗin abin da za a yi da shi. Mai karatu a Najeriya, wanda ya bi shari'ar kuɗin ƙananan hukumomi har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024, ya san yadda majalisa take zama idan abincinta yana hannun wani. Jihar Kerala ce ta yi abin a zo a gani a 1996, lokacin da ta miƙa wa ƙananan majalisu kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na kuɗin ayyukan raya ƙasa, ta kuma nemi jama'a su zauna su tsara abin da suke so.

Duk da haka, abin da ya fi jan hankalina a tsarin ba majalisar da ake zaɓa ba ce. Akwai wani zama da ake kira gram sabha, wanda ya ƙunshi duk mai rajistar zaɓe a ƙauyen, mace da namiji, mai gona da ɗan ƙwadago. A wurare da yawa zaman nan suna ne kawai, mutane kaɗan ke zuwa, sakatare ya cika littafi da sa hannu a tashi. Amma inda aka ba shi iko a kan wani abu na zahiri, kamar takardun kuɗi ko daji ko ƙasa, sai ya zama wani abu dabam.

A tsakiyar Rajasthan, ƙungiyar ma'aikata da manoma ta MKSS, wadda Aruna Roy da abokan aikinta suka kafa a 1990, ta fara wani abu a ƙarshen 1994 da suka kira jan sunwai, wato sauraron jama'a. Za a samo takardun ayyukan gwamnati a karanta su da babbar murya a bainar jama'a: wane ya yi aikin kwana kaza an biya shi kaza, an sayi buhun siminti kaza domin gini kaza. Nan take sai a ji wani ya miƙe ya ce ba a taɓa biyansa ba, wani ya ce mai wannan suna ya daɗe da rasuwa, wani ya nuna filin da takarda ta ce an yi gini a kai. Takensu shi ne "kuɗinmu, lissafinmu". Wannan gwagwarmaya ta talakawan da yawancinsu ba su iya karatu ba tana cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005, kuma dokar ba mutanen karkara aikin kwana 100 a shekara, wadda aka kafa a wannan shekara, ta ɗora wa gram sabha alhakin bin diddigin ayyukan.

A ƙauyen Mendha Lekha na ƙabilar Gond, a gundumar Gadchiroli ta jihar Maharashtra, mutane suna da wata magana da ta yi suna: gwamnatinmu tana Delhi da Mumbai, amma a ƙauyenmu mu ne gwamnati. Ba sa yanke shawara da rinjaye, sai kowa ya amince, ko da za a ɗage zama sau da yawa. A 2009 suka zama cikin na farko da aka amince wa da haƙƙin mallakar dajinsu a matsayin al'umma ƙarƙashin dokar haƙƙin daji ta 2006, a 2011 kuma aka ba su izinin sarewa da sayar da gorar dajin da kansu, abin da a da yake hannun ma'aikatar gandun daji da kamfanonin takarda.

Labarin da ya sa na rubuta wannan shi ne na tsaunukan Niyamgiri a jihar Odisha. Ƙabilar Dongria Kondh, waɗanda yawansu bai wuce 'yan dubbai ba, suna zaune a can suna noma a gangaren tsauni, suna kuma ɗaukar tsaunin a matsayin mazaunin abin bautarsu, Niyam Raja. A ƙarƙashin ƙolin tsaunin akwai ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa, kuma kamfanin Vedanta ya riga ya gina matata a Lanjigarh da ke gindin tsaunin, yana jiran a fara haƙa tare da kamfanin ma'adinai na jihar. Bayan shekaru ana shari'a, ranar 18 ga Afrilu, 2013, Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa gram sabha na ƙauyukan da abin ya shafa ne za su faɗi ko haƙar za ta taɓa haƙƙinsu na addini da al'ada. Dokar daji ta 2006 da wata doka ta 1996 da ta faɗaɗa tsarin panchayat zuwa yankunan ƙabilun asali su ne suka ba kotun madogara.

Gwamnatin jihar ta zaɓi ƙauyuka 12 kawai a gundumomin Rayagada da Kalahandi, ko da yake mutanen sun ce waɗanda abin ya shafa sun fi haka nesa ba kusa ba. An yi zaman ne a watannin Yuli da Agusta, tsakiyar damina, alƙali yana zaune a matsayin mai sa ido, jami'an tsaro suna kewaye. Maza da mata suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna magana da harshensu ana fassarawa, suna bayanin ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunin da gonakin da suke sha daga gare su. Ina yawan tunanin irin ƙarfin halin da mace take bukata kafin ta tsaya gaban alƙali da 'yan sanda, ba ta taɓa shiga aji ba, ta ce ba ta yarda ba, alhali ta san girman waɗanda suke son akasin haka. Daga ƙauyen farko, Serkapadi, har zuwa na ƙarshe, Jarapa, duka 12 sun ƙi amincewa.

A watan Janairu na 2014 ma'aikatar muhalli ta tarayya ta ƙi ba da izinin haƙar. Kamfanin ma'adinai na jihar ya sake komawa Kotun Ƙoli yana neman a sake zaman ƙauyukan, kotun ta yi watsi da bukatar a watan Mayu na 2016, shawarar da mutanen suka yanke a wancan damina ta ci gaba da tsayawa.