Harbin faifai a sama da ƙaramar bindiga

Ina da ɗan filin harbi a karkarar Texas, a Amurka, kuma faifai ne cinikinmu. Faifan ruwan lemo ne, faɗinsa milimita 110, nauyinsa wajen giram 105, an haɗa shi da kwalta da farar ƙasa don ya tarwatse da zarar an taɓa shi. Inji ke cilla shi sama, maharbi ya bi shi da doguwar bindigar tsuntsaye, wadda harsashinta guda ke iya ɗaukar ƙwayoyin dalma sama da 400. Biyu ko uku suka same shi, magana ta ƙare.

Sai dai ba a rasa mai zuwa da ƙaramar bindiga a ƙugu, ya ga wani gwani a bidiyo yana fasa faifai da ita, shi ma yana so ya gwada. Amsata ɗaya ce: harsashi mai kai guda ba ya tashi sama a filina. Ƙwayoyin bindigar tsuntsaye kan zube ƙasa kafin yadi 300, kuma fegin da na killace ya wuce haka. Ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22 kuwa, wanda kowa ya raina, a jikin kwalinsa an rubuta cewa haɗarinsa na kaiwa mil ɗaya da rabi. Ko ya sami faifan, wucewa zai yi. Bayan shingena akwai shanun maƙwabci, akwai titi, akwai gidaje. Masu inshora ma tambayar da suka fara yi mini ke nan: ina harsashi ke sauka?

Wasu kan kawo mini sunan Ed McGivern, mutumin Montana, wanda ke fasa abubuwa da dama a iska da libarba, kuma a 1932 ya saki harsashi 5 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Gaskiya ne. Nan San Antonio ma, a 1907, Ad Topperwein ya harbi 'yan gumagumai 72,500 da aka jefa masa sama, 9 kacal ya kuskure, ko da yake shi da doguwar bindiga mai cin harsashin .22 ya yi. Amma waɗannan mutane ne da suka ƙarar da rayuwarsu a kan abin, a zamanin da daji ya fi gari yawa. Kuma Buffalo Bill, da ke fasa ƙwallon gilashi daga kan doki a gaban 'yan kallo, harsashi mai ƙwayoyi yake ɗurawa.

Wanda ya nace, akwai abin da nake yarje masa: libarba irin Taurus Judge, wadda ke cin harsashin .410 mai ƙwayoyi. Ba ma kunna inji. Ɗan yayana ne ke tsayawa a bayan maharbin, ya lulo faifan da hannu, a hankali, ya miƙe gaba. Dole a harba da wuri, domin zanen da ke cikin bututun libarbar yana murɗa ƙwayoyin, su watse kamar an yi wa kaji watsin gero, tsakiya fayau. Faifan ya yi ɗan nisa, sai ya bi ta tsakiyar ya sauka lafiya lau a ciyawa.

Kusan kowane sabon shiga kuskurensa iri ɗaya ne. Ya saba da allon takarda da ba ya motsi, sai ya kafa ido a saiti, ya tsayar da hannu, sannan ya ja kunama. Kafin nan faifan ya bar wurin. Nakan ce ya buɗe ido biyu, ya kalli faifan, ya bar hannu ya ci gaba da tafiya har bayan ƙarar. Mafi sauƙi shi ne daidai inda faifan ya gama hawa, ya ɗan dakata kafin ya juyo.

Riba dai ba ta nan. Harsashin .410 ya fi na babbar bindigar tsuntsaye tsada, ga shi sai na tsaya a kan mutum ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sauran layuka suna jira. Da yamma yaron kan bi fili da bokiti yana tsintar faya-fayan da suka sauka garau.

"Baffa, na mai libarbar nan duk suna nan da ransu," in ji shi.

Nakan ce ya ƙwanƙwasa kowanne ya ji amonsa, wanda bai tsage ba ya mayar da shi cikin inji.