Shenanigans: ƙiriniya ce ko maguɗi?

Ɗalibai a nan Sakkwato kan ci karo da kalmar Turanci shenanigans a Facebook ko a kanun jarida, su duba ƙamus, su fito da fassara guda ɗaya. Nan matsalar take, domin fuska biyu gare ta.

Harufanta 11 ne, n uku a ciki. Gaɓoɓinta huɗu, ana danna ta biyun: shi-NA-ni-ganz. A jaridun Kalifoniya ta Amurka ta fara bayyana, tsakiyar shekarun 1850, zamanin rububin haƙar zinare.

Fuskar farko ita ce ƙiriniya da tsokanar da ba mugunta a ciki. Yaro ya ɓoye takalmin yayansa a ƙofar masallaci, 'yan tashe su tasa gwauro a gaba da waƙa, taubashi ya ɗauke wa taubashinsa hula ya ce sai an fanshe ta, ko Bagobiri da Bayarabe su haɗu a kasuwa kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Wanda aka yi wa zai yi tsaki, amma dariya ce ƙarshenta. A ganina shaƙiyanci ya fi ƙiriniya kama ta, tunda ƙiriniya ta yara ce, ita kuwa kalmar har dattawa tana ɗauka.

Da zarar ta zauna kusa da kuɗi, kwangila ko zaɓe, ta canza riga. Financial shenanigans almundahana ce, political shenanigans kuma maguɗi da cuwa-cuwar 'yan siyasa. Mai fassarar da ya rubuta "ƙiriniyar zaɓe" ya wanke mai laifi bai sani ba.

Jam'i ce kusan kullum, don haka "are" ko "were" ke bin ta, kuma ba a sa mata "a" na Turanci a gaba. Aiki take nunawa, ba mutum ba: yaron mischievous ne, wato mai ƙiriniya, abin da ya aikata shi ne shenanigans. An fi jin ta a jimla irin "What shenanigans are you up to?", wato wace tsiya kuke ƙullawa?

Kalmar hira ce. A wasiƙar aboki ta jarrabawar WAEC ko NECO za ta shiga, a takardar neman aiki kuwa kar ma a fara. Haka nan ba a ɗora ta kan kisa ko satar mutane, don sai ta mai da ta'asa kamar wasa.